Fitilar 'Yan Tsaki

Likitan da ya yi mata aikin ƙashin baya doka ɗaya ya kafa mata: kada ta ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi, sai ranar da sashen gashin ƙashi suka duba ta suka ce ta ɗaga. Da ta dawo gida ko takalmi ba ta cire ba ta sa mijinta ya ɗauko sikelin da yake auna abincin kajinsa. Aka ɗora buta cike da ruwa, allura ta tsaya a kilo biyu. Ta ce a ɗora mata 'yarta. Yarinyar ta zauna daram cikin kwanon sikelin tana ɓangala dariya, allura ta wuce tara ta ɗan gota.

"Buta huɗu da rabi," in ji Maman Tsako. Ta juya a hankali, kamar yadda aka koya mata juyawa, ta shige ɗaki don kada a ga idonta.

Tsako laƙabi ne da uban ya manna wa yarinyar tun tana jaririya, wai kukanta irin na 'yan tsakin da yake reno a bayan gida ne. Sunan ya bi ta, ya haɗa har da uwar. Watanta goma yanzu, tana rarrafe kamar an ɗaura mata inji, kuma tun ranar aikin ba hannun uwarta ke ɗaukar ta ba. Yaya ce, babbar yayar Maman Tsako, wadda ta baro nata gidan ta zo ta tare da su. Ita ke yi mata wanka, ita ke jijjiga ta, ita ke ɗaga ta idan ta faɗi. Abin da ya rage wa uwar shi ne haɗa madara. Wannan kam ba ta bar wa kowa ba: ta zuba a fida, ta girgiza, ta ɗiga a cikin wuyan hannunta ta ji ɗuminsa, sannan ta miƙa wa Yaya.

Satin farko Tsako takan miƙo hannuwa biyu duk lokacin da ta hango uwarta a kan dogon gadon nan da aka ce shi ya fi mata sauƙin tashi. Uwar ta kama 'yan yatsun ta sumbata, ta ce, "Sai na warke, kin ji?" Yarinyar ta callara kuka, Yaya ta zo ta sure ta. Sati na uku kukan ya ragu. Sati na biyar Tsako ta buge goshinta da ƙafar kujera a gaban uwarta, taku biyu tsakaninsu, ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, sannan ta juya ta rarrafa kicin wajen Yaya.

Wannan juyawar ta fi mata ciwon ƙugun zafi, shi kuwa ciwon ƙugun ba wasa yake yi ba. Aikin ya yi kyau, ƙafar da take ja a da ta dawo daidai, amma ƙasan bayanta ya riƙe kamar an ɗaure da igiya. Don haka ne aka tura ta wajen Sista.

Sista ita ce ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke ɗaki na ƙarshe a barandar asibitin, gajeruwa, mai saurin hannu, biro biyu a aljihu. Litinin da Alhamis take ganin ta. Da farko motsa jiki: ɗaga gwiwa, matse ciki, tafiya zuwa ƙarshen baranda da dawowa. Daga nan sai fitila. Wani faranti ne mai faɗin littafi a kan dogon hannu mai lanƙwasuwa, cike da ƙananan ƙwayaye jajaye jere-jere. Maman Tsako ta kwanta rub da ciki, a ba ta baƙin tabarau, Sista ta auna taƙi ɗaya tsakanin farantin da bayanta, ta kunna. Minti goma, na'ura ta yi ƙara, a kashe.

Tun suna yara Yaya ke kiran ta Sarkin Tambaya, don ita ce ta taɓa kwance agogon babansu wai tana neman abin da ke ƙwanƙwasawa a ciki. Rub da ciki bai hana ta ba.

"Sista, me ya sa ja? Kore ba zai yi ba?"

"An ce jan ya fi ratsa fata."

"Ya ratsa ya je ina? Har ƙashi?"

"Ƙashi kuma? A'a. Nama dai na kusa-kusa."

"To in ya je me yake yi a can?"

"Maman Tsako, kin taɓa kwanciya shiru kuwa?" Sista ta yi dariya. "Gaskiya zan faɗa miki. Wasu suna cewa ya rage musu ciwo, wasu su ce ba su ga komai ba. Masu bincike ma ba su gama jayayya a kai ba. Mu dai muna haɗa shi da motsa jiki, kuma motsa jikin shi ne uban tafiya."

"Amma ni ba na jin komai fa. Ko ɗumi."

"Ba za ki ji komai ba. Haka yake." Aka ƙwala wa Sista kira daga waje ta fita da sauri.

Akwai abu ɗaya da Maman Tsako ta lura da shi ta gefen tabarau. Kullum kafin Sista ta tafi sai ta zura bayan hannunta tsakanin fitilar da fatar, ta ɗan tsaya. Idan an yi rabi ta dawo ta sake zurawa. Ta so ta tambaya, amma ta riga ta cinye rabonta na tambaya na ranar, sai ta ɗauka irin ɗabi'ar ma'aikata ce, kamar yadda tela ke lasar zare.

Sati biyu ana yi ta ji igiyar ta ɗan sassauta. Sista ta ce Alhamis mai zuwa za ta gwada ta sosai, in ta ga ƙarfi za ta fara barin ta ɗaukar nauyi kaɗan-kaɗan. Maman Tsako ta roƙi a ƙara mata ranakun fitila. Sista ta nuna mata littafin layi, ko'ina cike, fitila ɗaya ga mutum arba'in.

Ranar Litinin ɗin nan Baban Tsako ne ya raka ta, kuma shi ne karonsa na farko na shiga ɗakin. Ya tsaya daga bakin labule da hularsa a hannu, shi ma an ba shi tabarau, yana kallon bayan matarsa ya koma ja jawur. Aka gama suka fito titi. Suna jiran mota a gindin wata bishiya ya kasa haƙuri.

"Maman Tsako, wannan abin da ake ta layi a kansa, ai ina da shi."

"Kana da me?"

"Fitilar! Jar fitila. Guda uku gare ni a ɗakin 'yan tsaki. Wallahi da na leƙa sai da na ji kamar in watsa miki tsaba."

"Allah ya shirye ka. Tasu ƙananan ƙwayaye ne da yawa, taka ƙato ɗaya ne kamar kwano."

"Tasu ta 'yan gayu ce. Ja dai ja ne. Shekara bakwai ina raya rai da fitilar nan. Ɗan tsako da ya kwanta kamar ya mutu, ki sa shi a ƙarƙashinta, kafin ki sha ruwa ya miƙe yana tsattsaga."

Mota ta zo suka shiga. A cikin mota lissafi take yi. Tsakanin yau da Alhamis akwai Talata da Laraba, kwana biyu da za su wuce a banza. Idan minti goma sau biyu a sati ya sassauta igiyar haka, to minti goma kullum fa?

Da suka faɗa wa Yaya, tana tsaye da Tsako a kafaɗa, sai ta riƙe haɓa.

"Mai Kaji, ƙanwar tawa ce ta zama kaza? Sai yaushe za ta fara ƙwai?"

"Yaya, ke dai ki zuba ido. Gani ya kori ji."

"Kama da wane dai ba ta wane. Ni babu ruwana, in aka tambaye ni wanki nake yi."

Maman Tsako ba mai yin abu da ka ba ce. Ta ce za ta gwada sau ɗaya, kuma da sharaɗi: komai sai ya zama irin na Sista. Talata da hantsi aka shimfiɗa bargo a tsakar falo, don wayar fitilar ba ta kai gado. Ta sauka da kyar, hannu a kan kujera, gwiwa ɗaya sannan ɗaya. Ta ɗaure idonta da baƙin ɗankwali a madadin tabarau. Baban Tsako ya goge ƙurar ƙwan da gefen rigarsa, ya rataye shi a jikin sandar da ya gitta tsakanin kujeru biyu.

"Taƙi ɗaya," in ji ta.

"Taƙi ɗaya? Kai! 'Yan tsaki kamu ɗaya da rabi nake ba su."

"Ni 'yar tsako ce? Sista taƙi ɗaya take aunawa. Na gani da idona sau biyar."

Ya sauko da shi, ya kunna. Ya tsuguna a gefe yana kallo, shi kansa yana jin hucin a goshinsa. Sai dai shi a sana'arsa bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Abin da ke ƙarƙashin fitila shi yake karantawa: in 'yan tsaki sun dunƙule wuri ɗaya sanyi suke ji, a sauko da ita, in sun watse sun manne da bango suna haki, zafi ya yi yawa, a ɗaga. Tsako ba ya ƙarya, haka yake cewa kullum. Don haka ya tambayi wadda ke ƙarƙashin fitilar.

"Kina jin zafi?"

Ta saurari bayanta da kyau. Can wajen haƙarƙari akwai ɗan ɗumi mai daɗi, amma a ƙasa, daidai tabon aikin inda fitilar ta haska, shiru.

"Ba na jin komai."

"Ko kaɗan? A wannan kusancin da tuni 'yan tsakina sun haura katanga."

"Ko kaɗan. Sak irin na asibiti. Sista ma cewa ta yi ba za ki ji komai ba." Muryarta ta cika da murnar wanda ya kwance agogo ya ga abin da ke ƙwanƙwasawa. "Ashe da gaskiyarka, Baban Tsako. Abu ɗaya ne."

"To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji shi, amma sau uku ya sake tambaya kafin minti goman ta cika, kuma da kansa ya ɗan ɗaga sandar lokacin da ya ɗauka ba ta gani.

Ta tashi ta saki riga a kai. Juyawa ta duba bayanta ba ta cikin abin da aka halatta mata, kuma ba ta ga dalilin nuna wa kowa ba. Ranar har waƙa ta yi wa Tsako daga kan gado.

Laraba ta ce minti ashirin, kuma kada ya taɓa sandar. Ya kunna, ya zauna, ya tambaya sau biyu. Sai ga hayaniya daga bayan gida, kaji sun ɓarke da kuka irin na ganin kyanwa. Ya ce yana zuwa, ya fita a guje. Yaya tana bakin famfo tana wanki, ta ajiye Tsako a gefenta da murfin tukunya tana bugawa.

Maman Tsako tana kwance cikin duhun ɗankwali tana ƙirga mintoci, sai ta lura bugun murfin ya daina. Ta kasa kunne. Ta ji wannan sautin da ta fi sani a duniya, tafin hannu da gwiwa a kan siminti, taf-taf, taf-taf, yana ƙaruwa. Ta fizge ɗankwalin. Ga Tsako ta shigo falo, baki buɗe, yawu na zuba, ta doso wurin gadan-gadan, jan hasken ya riga ya fara taɓa mata goshi.

"Yaya! Yaya!"

Famfo na zuba, babu mai ji. Tashi daga rub da ciki aikin minti guda ne gare ta, yarinyar kuwa saura taku uku. Ɗaga ta kuma haramun ne. Abin da ya rage mata shi ne hannu. Ta miƙa na hagu ta tare ƙirjin yarinyar, ta kai na dama baya don ta ture sandar, cikin wuyan hannunta ya ratsa ƙarƙashin ƙwan.

Kamar ta ɗora shi a bakin tukunya. Ta yi ƙara ta janye, sandar ta goce, fitilar ta yi lilo ta bugi kujera ta mutu. Tsako ta tsorata ta fashe da kuka.

A kwancen nan, hannu ɗaya riƙe da rigar 'yarta, abin da ya fi tsaya mata a rai ba zafin ba ne. Wannan wurin na hannunta shi ne alƙalinta; da shi take yanke wa madara hukunci sau biyar a rana. Ko ƙiftawar ido bai jure ba. To ta yaya bayanta ya kwanta a nan minti goma sha biyu yana ce mata lafiya lau?

Yaya ta shigo da kumfa har gwiwar hannu, ta sure Tsako, ta dubi bayan ƙanwarta, ta saki salati.

"Mene ne? Faɗa mini, Yaya."

"Ja kamar an yanka nama. Ga bororo biyu, ɗaya ya kai ƙwayar gyaɗa. Ke ba ki ji ba?"

"Taɓa wurin."

"In taɓa?"

"Gefensa. Taɓa ki gani."

"Na taɓa."

"Yaushe?"

Baban Tsako ya shigo yana haki, ya gani, ya dafa bango. Da bakinsa ya buɗu cewa ya yi, "In kawo ƙwai a fasa a kai?"

"Ka kawo wuƙa ma a fige ta gaba ɗaya," in ji Yaya. "Man goge baki ake sawa."

"Babu ƙwai, babu man goge baki," in ji Maman Tsako daga ƙasa. "Ruwan famfo. Takardar da aka ba mu a asibitin yara ta ce ruwa mai sanyi a yi ta zubawa, kada a fasa bororo. Ku taimaka mini in tashi."

Sun daɗe a banɗaki, Yaya na kwarara ruwa da kofi, uban na tsaye a ƙofa da Tsako a hannu yana ta cewa laifinsa ne. Maman Tsako ta ce masa ita ta ce taƙi ɗaya. Ruwan yana gangarowa, tana jin sanyinsa a sama, ya ɓace na ɗan wani wuri, sannan ya sake bayyana a ƙasa, kamar rafin da ya shige ƙarƙashin gada.

Alhamis ba ta jira an gano ba. Tun kafin ta hau gadon ta zayyana wa Sista komai, har da taƙin, har da ɗankwalin. Baban Tsako yana bakin labule riƙe da fitilar a cikin leda, don matarsa ta ce a zo da ita a nuna. Sista ta fito da ƙwan, ta karanta rubutun da ke wuyansa, ta dubi mai shi.

"Malam, 'yan tsaki nawa wannan ke ɗumamawa?"

"Ɗari, Sista. In da sanyi, tamanin."

"Zafin tsako ɗari ka tara wa mace ɗaya a wuri ɗaya." Ta ajiye. "Taka aikinta zafi, jan ado ne. Tamu aikinta haske, zafin ne ba a so. Kwanta in gani."

Ta wanke wurin ta rufe, ta ce Allah ya taimaka bai kai kan tabon aikin ba, amma likita zai gani yau. Sannan ta fita ta dawo da ƙananan kwalabe biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da na sanyi.

"Rufe ido. Duk inda na ɗora ki ce ɗumi ko sanyi."

"Sanyi. Ɗumi. Ɗumi. Sanyi... Sista, ci gaba mana."

"Tana kanki tun ɗazu."

Duk inda amsa ta ɗauke sai Sista ta ɗiga alama da biro. Da ta gama ta haɗa ɗigogin, ta karɓi wayar Baban Tsako ta ɗauki hoto ta miƙa mata. Maman Tsako ta ƙura wa bayanta ido karo na farko tun da aka yi aikin. Ga tabon a miƙe, ga auduga, ga wani zane kewaye da su mai kama da ganyen mangwaro, ya fi faɗi ta hagu.

"Nan ɗin duk ba ya ji?"

"Ƙananan jijiyoyin fata ne. In an yi aiki wasu kan yi barci. Sau da yawa suna farfaɗowa a hankali, wani lokaci ɗan wuri ya rage."

"Shi ya sa kike zura hannunki."

Sista ta tsaya da biro a sama. "Kin lura ashe? Na san wurin ba zai kawo mini ƙara ba, shi ya sa nake ara masa hannuna, ko da na'ura ta yi gardama. Da na faɗa miki dalili tun farko da ba mu zo nan ba. Wannan kam nawa ne."

"To gwajin yau fa?"

"Babu gwaji yau. Babu fitila sai fata ta warke, motsa jikin ma rabi za mu yi. Ki ƙara sati uku."

Garin neman ƙiba an samo rama. Sati uku a wajen mai wata goma ai shekara ne. Kafin nan ta yiwu ta fara tafiya, kuma ba wajenta za ta taka ba. Maman Tsako ta miƙa wa mijinta wayarsa. Amma akwai wata tambaya da ta kwana da ita, wadda ta ƙi barin ta ko kukan ta yi da kyau.

"Sista, doka ta ce kada in ɗaga. Ta hana ni kwanciya a ƙasa?"

"Me za ki yi a ƙasa?"

"Akwai abin da nake so in gane."

Sista ta dube ta, ta dubi agogo, ta ja kujera. Ta koya mata sauka da tashi ba tare da murɗa baya ba, sau huɗu, har sai da ta yi shi babu kuskure. Ta ce ta kwanta ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi, baya jingine kusa da bango yadda babu mai isa ga ƙunar. "Kuma in na ji an kunna miki ko ashana, ni da ku ne."

Da yamma, bayan Tsako ta tashi daga barci ta sha madara, Maman Tsako ta tsara falon kamar mai shirin awo. Ita ta kwanta a jikin bangon gabas yadda aka koya mata. Ta sa Baban Tsako ya ɗauko wata fitilar daga cikin biyun da suka rage, ya tsaya can bangon yamma, ya ɗaga ta sama da kansa yadda jan hasken kawai zai faɗo ƙasa.

"Ni da fitilar nan kuma?" in ji shi. "Sista ta ce..."

"Ba ni za ka haska ba, siminti za ka haska. Jiya yarinyar nan ta baro Yaya, ta baro murfin tukunya, ta ratso baranda. An yi makonni ba ta nufo inda nake ba. So nake in san wajen wa ta zo, ni ko fitila."

"In kuma fitilar ce fa?" in ji Yaya a hankali, babu zolaya a ciki wannan karon.

"Sai in sani. Ajiye ta a tsakiya, ki koma bakin ƙofa. Kada kowa ya kira ta."

Yaya ta ajiye ta ta ja da baya. Tsako ta zauna ta dubi hagu ta dubi dama. Ta ga jan da'irar nan a ƙasa, ta yi wata ƙara ta murna, ta kife ta rarrafa can ba ko waiwaye. Ta sa tafi ta mari hasken. Ta ɗaga hannu ta duba ko ya manne, ta sake mari. Baban Tsako ya dubi matarsa ta saman hannunsa, bai san inda zai sa idonsa ba.

Maman Tsako ta cije leɓe. Ita ta kafa dokar, ba za ta karya ba. Ta bar hannunta a shimfiɗe a ƙasa, buɗe, ba ta motsa shi ba.

Yarinyar ta gwada lasar simintin, bai yi mata daɗi ba. Ta zauna ta waiga wajen ƙofa, ga Yaya tsaye, dogon mutum kamar kullum, sai an miƙa hannu an jira. Ta waiga ɗaya gefen. Can kuwa ga fuska a daidai tsayin tata fuskar, abin da ba ta saba gani ba. Ta karkata kai tana nazari. Sannan taf-taf, taf-taf, ba sauri, tana tsayawa tana dubawa kamar mai tsoron a ce mata sai an warke. Ta iso ta dafa tafin hannun. Ba a janye ba. Ta dafa kafaɗa, ta ja jikinta, ta tura kai ƙarƙashin haɓar uwarta, ta kama kunnenta ta riƙe gam.

Maman Tsako ta zagaye ta da hannu. Buta huɗu da rabi, duk a jingine da ƙirjinta, kuma siminti ne ke ɗauke da nauyin.

"Fitila ta fara zuwa dai," in ji ta, bakinta cikin gashin yarinyar. "A rubuta gaskiya."

"Amma ina ta kwanta?" in ji Baban Tsako. "Na faɗa muku, tsako ba ya..."

"Mai Kaji," in ji Yaya tana share ido da bakin zane, "kashe abin nan ka mayar wa masu shi, tun ɗazu suke ta kuka a baya. Ka dawo da matashi ɗaya, wuyanta zai gaji a haka."